Damuwar aikin haƙori: shin bincike ya ce addini na rage ta?

LikitarHaƙori:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu ilimin halayyar ɗan Adam ce. Aikin haƙori nake yi, kuma kwanan nan ya fara cin raina. Yini guda ina sunkuye, wuya a karkace. Mara lafiya ya zauna ya damƙe hannun kujera, idonsa ƙur a kan allura, tun ban taɓa shi ba ya ce, "Likita, ni fa ba na son zuwa wurinku." Wani lokaci saiwar matauni ta karye cikin dasashi, ɗan gajeren aiki ya ja, ga jama'a a waje suna duban agogo. In na koma gida ko magana ba na so. Duk wanda na gaya wa sai ya ce in yawaita addu'a. Ina yi, wallahi. To me ya sa gajiyar ba ta tafiya? Raunin imani ne?

MalaminHalayya:
Wa alaikumus salam, Dakta. Ba ke kaɗai ba ce. A 2004 wasu masu bincike biyu, Myers da Myers, sun binciki likitocin haƙori a Birtaniya, kuma cikin manyan abubuwan da ke damunsu akwai biyun da kika ambata: aiki ya wuce lokacin da aka tsara masa, da fama da marasa lafiya masu wuyar sha'ani.

Batun addini kuwa, Kenneth Pargament, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, yana cikin waɗanda suka fi zurfafa a kai. A 1998 shi da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 14, suka raba dogaro da addini gida biyu. Akwai mai neman kusanci da Ubangijinsa cikin wahala, yana jin ba a bar shi shi kaɗai ba. Akwai kuma mai ganin wahalar azaba ce, ko Allah Ya juya masa baya. Da wasu masu bincike, Ano da Vasconcelles, suka tattara bincike 49 a 2005, gida na farkon ya fi zuwa tare da natsuwa, na biyun kuma da ƙarin damuwa da ƙunci. Shi ya sa tambayarki ta ƙarshe ta ɗan tsaya mini a rai. Wannan zargin kai, "raunin imanina ne," ya fi kusa da gida na biyu. Ki kula da shi.

Sai dai yawancin binciken nan alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da wanne ya haddasa wanne.

TsohonƊakinTiyata:
Ƙanwata, addu'a ba za ta rage miki layi ba. Ki bar tazara bayan duk aikin cire haƙori mai wuya, ki daina cusa mutum a lokacin hutunki don kunya. Ki duba tsayin kujerarki da inda fitila take, rabin ciwon wuyan nan daga nan yake. Ni sallar azahar ma hutu ce gare ni: in cire safar hannu, in miƙe baya, na ɗan lokaci babu mai kiran sunana.

LikitarHaƙori:
Yaya, kunyar nan kam ka gano ni. Malam, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na fara ganin mutane a matsayin baki kawai. Ko sunansu ba na riƙewa.

MalaminHalayya:
Wannan ɗaya ne daga alamomi uku na gajiyar aiki mai tsanani a ma'aunin Maslach na 1981: ƙarfin zuciya ya ƙare, mutum ya yi sanyi da waɗanda yake yi wa hidima, sannan ya ga kamar aikinsa ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. In har ta taɓa barcinki ko cin abincinki, Dakta, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren mai ba da shawara cikin makon nan.