Sabis ɗin manhajar lissafi ya ƙi tashi da asusunsa na musamman, ina neman taimako

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kwamfuta. Ni ke kula da na'urorin wani kamfanin sari a kusa da Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Manhajarmu ta lissafi da ƙididdigar kaya tana kan Windows Server 2019 da SQL Server. Wanda ya girka ta da asusunsa na kansa ya girka, da ya bar aiki aka rufe asusun, komai ya tsaya cik.

Sai na buɗe mata asusu na musamman a Active Directory (rajistar asusun shiga kwamfutocin kamfanin), wanda ba na kowane ma'aikaci ba, na ba shi izinin shiga a matsayin sabis (manhajar da ke aiki da kanta a bayan fage) da izinin rumbun bayanan kaɗai. Ta tashi lafiya lau. Amma da zarar an ɗauke wuta sabar ta sake kunnawa, sai kuskure mai lamba 1069 ya fito, wato sabis ɗin ya kasa shiga da asusun. In na sake rubuta kalmar sirrin nan dai da hannu, sai ta tashi. Ina zargin Group Policy (dokokin da ake ɗora wa kwamfutocin kamfanin daga wuri ɗaya) ke goge izinin shigar, amma na kasa gano wace doka ce.

Masu manhajar sun ce in mayar da ita kan asusun Domain Admin, mai iko a kan dukkan kwamfutocin kamfanin, in huta. Wallahi hankalina bai kwanta ba, don duk wanda ya sace kalmar sirrinsa ya mallaki kamfanin gaba ɗaya.

Ta ina zan binciko dokar? Kuma in na koma gMSA, wato asusun sabis mai sauya kalmar sirrinsa da kansa duk kwana 30, tsohuwar manhaja irin tamu za ta karɓa kuwa? Ƙarshen wata ya matso, albashi na jira. Allah Ya saka da alheri.