Musayar Waƙa: Yini Guda a Ƙafa Cikin Tokyo

Baban Zainab: Assalamu alaikum. Maudu'in makon nan: baƙo ya samu yini ɗaya rak a Tokyo, kuma a ƙafa zai zaga. Ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya".

Bismillahi, baƙo, tashi da wuri,
Yi asuba tun kan a ga hasken gari,
Asakusa da safe ita ce mafari,
Ƙarfe 6 a watannin zafi gidan bautar Sensoji ya buɗe ɗakin tsakiya.

Ƙofar Kaminarimon ka shige ta,
Jar fitila ce babba a bakinta,
Kusan mita 4 ne tsayinta,
Ɗau hoto tun jama'a ba su cika hanya.

Nakamise layi ne na 'yan tsaraba,
Mita 250 ne, in ka duba,
Kafin hantsi ba su gama buɗewa ba,
Ka bi shi wayam, ba mai tura ka baya.

Daga nan ka haye gadar Azuma,
Kogin Sumida a ƙasa, ba gardama,
Minti 20 ga ka a Skytree kuma,
Mita 634, ta fi kowace hasumiya.

Ɗan Zazzau:

Wannan sauri irin na 'yan Kwari,
Ka kai baƙo hasumiya da wuri,
Ƙofa a kulle, sai iska da ɗari,
Bakwai da rabi ba a sai da tikiti, Yaya.

Gabas ka nufa, alhali yamma ake,
Hanyar Ueno ga ta a miƙe take,
Kilomita 2, ta inda Kappabashi yake,
Layin wuƙaƙe, faranti da tukunya.

Abincin roba ne jere a taga,
Na tallan gidan abinci, in ka zaga,
Lahadi shaguna da yawa ba sa ɗaga
Ƙyaurensu, sai ka zaɓi ranar da za ka biya.

Maman Walid: Allah ya ƙara basira! Zariya birnin ilimi ta yi magana, a gyara zama.

Ummi 'Yar Fagge: Wace magana? Baiti huɗu aka ba shi ya mai da uku. Kano ta Dabo tumbin giwa, Baba muna bayanka.

Baban Zainab:

Ƙanena, ka san ranar Kappabashi,
Ka manta Litinin, ga babban rashi,
Gidan tarihin Ueno an kulle shi,
Ka bar baƙo a ƙofa yana latsa waya.

1872 aka kafa shi, ka sani,
Takubba da sulke na tsohon zamani,
Awa 2 ba ta isa a gama gani,
Nawa ka ware masa a lissafin tafiya?

Haka lambun gabas na fadar Sarki: shiga kyauta ne, amma Litinin da Juma'a a rufe yake. Wanda bai dubi ranar mako ba kafin ya zana hanya, gate kawai zai yi ta gani.

Inna Rabi:

'Ya'yana, kun ja baƙo rana tsaka,
Ba ku ce masa ga abin sa wa a jaka,
Fasfo dole, doka ce, yana jikinka,
Ɗan sanda na da ikon tambaya.

Takalmin da ƙafa ta saba shi za ka sa,
Sabo zai ci dunduniya kan ka yi nisa,
Safa mai tsabta, wani ɗakin sai an bar shi ƙasa,
Tabarmar tatami ba ta son ƙurar hanya.

Riƙe leda, ita ce kwandon shara,
A titi da wuya ka samu, a lura,
Tun harin gubar 1995 aka fara
Kwashe su a tashoshi, don tsaron masu tafiya.

Malam Mai Aruli: Ku yi haƙuri, sai yanzu na shigo. Kafin a yi nisa, mu koma baitin farko, ɗango na uku.

Alhaji, baitin nan ya yi ɗingishi,
"Asakusa da" ka ce, to ƙirga shi,
Gajeru 5 a jere, wane kari zai ɗauke shi?
Ko 4 aruli bai bari su jeru a hanya.

Kuma "gate" da ka rubuta a ƙasa, ƙofa ba ta ishe ka ba?

Baban Zainab: Na karɓi ta ƙofa, Allah gafarta Malam. Ta baiti kam ban karɓa ba.

Malam, kunne ya riga sikeli awo,
"Asaksa" Japanawa ke cewa, je ka jiwo,
Wasalin "u" haɗiye shi suke, ba sa kawo
Shi baki, gaɓa ta yi nauyi ta zauna lafiya.

Malam Mai Aruli: To ka rubuta yadda kake so a rera, mai karatu ba ya tare da kai. Mutanen da ka kafa hujja da su ma awo suke yi, ba kunne kawai ba. Waƙarsu ta haiku gaɓoɓi 5, 7, 5 ce, kuma dogon wasali biyu suke ƙirga shi, kamar yadda mu ma muke bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Shi ya sa sunan Tokyo a wurinsu 4 ne, domin wasulansa biyun dogaye ne.

Ummi 'Yar Fagge: Malam, ɗangon "wane kari zai ɗauke shi" fa? Ya fi 'yan'uwansa tsawo nesa ba kusa ba.

Maman Walid: Ke Ummi, da Malam kike ja? Baiti nawa kika taɓa sa wa a nan?

Malam Mai Aruli: Bar ta, 'yata ta yi gaskiya, ɗangon ya zarce. Amma zarcewa daban, karyewa daban.

Ɗan Damagaram:

Kuna awon gaɓa mai sauƙi da nauyi,
Baƙo na Ueno, cikinsa ba ko shayi,
Kasuwar Ameyoko na gefen gadar jirgi, bi layi,
Akwai masu kebab na halal, ka yi tambaya.

Romon ramen sau da yawa na alade,
Tonkotsu sunansa, fari ne a kaɗe,
Mirin giyar shinkafa ce, tana haɗe
Da kayan ɗanɗano, bincika kan ka sha miya.

In ka ji "buta" a bakin mai abinci,
Ba ta alwala ba ce, kar ka yi ganganci,
Alade ke nan a harshen Japananci,
Ka ce a'a, nemi kifi ko waken suya.

Masallaci na Okachimachi, kusa,
Assalam sunansa, ba shi da nisa,
Alƙibla digiri 293 kamfas zai sa,
Gabas ta gida a nan ita ce baya.

Maman Walid: Tabarakallah! Ta buta da ta alƙibla sun biya mu kuɗin data.

Ɗan Zazzau:

La'asar ta matso, a hau jirgin zobe,
Kar Yaya ya bar mana Meiji sai gobe,
A matakala mai tafiya hagu ake raɓe,
Dama ta masu sauri ce, ka ba su hanya.

Yamanote ne, tasha 30 yake zagawa,
Katin Suica ka taɓa, ƙofa na buɗewa,
Ajiyar yen 500, kana iya karɓowa,
Rabin awa daga Ueno, Harajuku ka tsaya.

Dajin Meiji dashe ne, an ba da kyauta,
Itace kusan dubu 100, inuwa ta wadata,
1920 aka buɗe gidan bauta,
Rana na faɗuwa ake rufe shi gaba ɗaya.

Baban Zainab:

Maudu'i ƙafa ne, ka haye jirgi,
Wannan aikin sai Bazazzagi,
In Disamba ce ka jawo wa kanka zargi,
Huɗu da rabi rana ta riga ta ɓuya.

Gabashin birni ya ishi yini guda,
Ueno, Yanaka, sannan koma Sumida,
Hau Skytree da magariba kan ka tafi gida,
Benen mita 350 ya isa, ba sai ka ƙara biya.

Ɗan Damagaram:

Ina bayan Zazzau, Alhaji, ji dalili,
Masallacin Turkawa mai kyan fasali,
Yoyogi-Uehara, 1938 asali,
2000 aka sake gini, daga nan sai Shibuya.

Ummi 'Yar Fagge: Ai dama Damagaram ba ta taɓa bin bayan Kano ba, ba yau farau ba.

Inna Rabi:

Ko gabas ko yamma, ku ji Inna, yara,
Agusta zafi da gumi, sha ruwa ka ƙara,
Yuni damina ce, lema a hannu kan ka fara,
Sha biyun dare jirage sun kusa tsayawa gaba ɗaya.

Malam Mai Aruli: Ɗan Damagaram, dawo nan. Yo-yo-gi-u-e-ha-ra, gajeru 7 ne reras, kuma a nan babu "u" ɗin da ake haɗiyewa. Ina jiran wanda zai zaunar min da shi a ɗango.