Wa ya taɓa neman mafaka da hujjar fari ko ambaliya?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ne zai shiga intabiyun neman mafaka wata mai zuwa, kuma gaskiya abin da ya fitar da shi ambaliya ce, shekara biyu a jere tana cinye masa gona har da gida. Don Allah wanda ya taɓa shiga ya faɗa mana yadda ta kaya.

Wanda aka ƙi: Wa alaikumus salam. Ni na shiga kuma an ƙi ni. Awa kusan uku ina ba da labarin fari da yadda dabbobinmu suka ƙare, matar da ke yi min intabiyun tana ta rubutu har na ɗauka ta tausaya, can sai ta ce to waye yake farautarka? Nan na yi tsit. Sai daga baya lauya ya fahimtar da ni yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta duniya ta 1951 dalilai biyar kawai ta sani, launin fata, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a. Fari ba ya ciki.

Mai tafinta: Haka ne ɗan uwa, na sha fassara wa mutane irin wannan zaman. Lauyoyi kullum sai sun kawo shari'ar Ioane Teitiota, mutumin tsibiran Kiribati na tekun Pasifik da teku ke cin ƙasarsu, New Zealand ta mayar da shi a 2015, ya kai ƙara kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, hukunci ya fito a Janairun 2020 bai yi nasara ba. Amma dai kwamitin ya ce in sauyin yanayi ya kai ga barazana ta haƙiƙa ga rai, bai halatta a mayar da mutum ba. Wannan 'yar kafar ake bi.

Wata 'yar uwa: Ni an ba ni, amma ba ta 'yan gudun hijira ba, takardar jin ƙai ce ta wucin gadi da ake sabuntawa. Abin da ya taimake ni, bayan ruwa ya ƙafe rikici ya ɓarke kan rijiya da makiyaya, aka kashe mijina, kuma ina da takardar asibiti. Yaya, ka ce wa ƙaninka kar ya ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya, tambaya ɗaya sai su juya ta sau huɗu. In an hana su tallafi saboda ƙabila ko addini ya faɗa, can ne kunnensu yake.

Mai tambaya: Allah ya jiƙansa Hajiya. Hotunan gidan da ke wayarsa fa, suna karɓa?