Ina ya fi dacewa a ɗaura safaya a jikin bas ɗin da aka gyara ya zama gida?

Matafiyin Binuwai, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota kuma suka san hanyoyinmu. Na sayi tsohuwar Toyota Coaster doguwa, na sa an cire kujerunta an yi gado da wurin girki da makewayi a ciki, domin in riƙa tafiya da iyali daga Garwa zuwa Kusiri da Njamena, wani lokaci har Abeshe wurin dangin maiɗakina, ba tare da mun nemi masauki a hanya ba. Matsalar ita ce tankin ruwan da aka saka ya cinye gurbin da ke ƙarƙashin bayan motar, inda kamfani ya rataye safaya da sarƙa, saboda haka yanzu tayar tana kwance a ciki tana tare hanya, ga warin roba ya dami yara. Mai waldata ya ce zai yi mini kariya, wato abin ɗora kaya, a saman motar, wani abokina ya ce a gaba ya fi, ni kuwa na fi karkata ga jikin bodi ta baya. Tayar mai lamba 7.00R16 ce, kuma ina son in riƙa ɗaukar biyu. Wane wuri ne ya fi aminci?

Bakaniken Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri. Kafin komai, ka fitar da tayar nan daga ɗakin da yara ke zama, domin taya irin wannan tare da wilinta ta haura kilo 30, kuma idan aka taka birki da ƙarfi ba za ta tsaya inda aka ajiye ta ba. Maganar gaba kuma ka bar ta. Lagireton motarka a gaba yake shan iska, kuma wanda ya taɓa hawan dutsen Ngaundare da kaya, ko ya bi hanyar Waza a watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san injin dizal ba ya buƙatar abin da zai ƙara toshe masa numfashi.

Jikin bodi da ka fi so shi ma ba zan ba ka goyon baya a kansa ba. Ƙarfen bodi siriri ne, an yi shi ne don ya riƙe gilashi da fitilu. A kwalta mai kyau ba za ka ga komai ba, amma tsakanin Mora da Dabanga, inda mota ke faɗawa rami tana fitowa, duk girgiza ɗaya sai tayar ta ja kusoshinta, har ka fara ganin siririn layi na tsatsa a gefen kowane noti, daga nan kuma sai tsagewa da shigar ƙura. Ina ganin irin waɗannan motoci a gareji, kuma gyaran ya fi yin aikin tun farko tsada. Idan baya za ta tafi, to a kan shasi, wato ƙaƙƙarfan ƙarfen da bodi ke zaune a kansa, za ta zauna: a fito da ƙarfe mai kauri daga ƙarshen shasin, a yi masa hannu mai buɗewa gefe ɗaya da makulli mai ƙarfi, a kuma tabbatar bai rufe lambar mota ko fitilun baya ba, don kada jandarma su sami abin tsayar da kai a kowane shinge.

Sai dai akwai lissafin da masu walda ba su cika yi ba. Kayan da aka rataya a bayan ƙafafun baya kamar tulun da ɗan garuwa ya matsar zuwa ƙarshen sandarsa ne, yana danne gefe ɗaya yana ɗaga ɗayan. Tsakanin ƙafafun gaba da na baya na doguwar Coaster kusan mita 4 ne. Idan ka rataya taya biyu da ƙarfensu, mu ce kilo 90, a nisan mita 2 bayan ƙafafun baya, to ƙafafun bayan kilo 135 za su ji, na gaba kuma a rage musu kilo 45, wato sitiyari ya yi sakwa-sakwa, sifirin na baya kuma ya kwanta. Shi ya sa nake son in san tankin ruwan nan lita nawa yake ci kafin in ƙarasa shawarata.

Tsohon Direba, Njamena

Malam Bakanike ya faɗi gaskiya a kan gaba da bodi, amma bai taɓa maganar saman mota ba, ni kuwa ban yarda a kore shi gaba ɗaya ba. Ɗana, abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne ko lalle sai taya ta biyun ta zo da wilinta. Mu da muka yi rayuwarmu tsakanin Masaget da Bokoro da Mongo, abin da muke yi shi ne safaya ɗaya cikakkiya mai iska, sannan ta biyu roba ce kawai ba wili, tare da tiyub sabo da ƙarfen cire taya. Roba kaɗai kusan rabin nauyin ce, mutum ɗaya zai hau tsani da ita, kuma duk garin da ka sauka za ka sami mai facin da zai ɗora maka ita a kan wilin da ya fashe. Wannan kam ana iya kwantar da ita a kariya, a ɗaure da igiya mai ƙarfi ta wurare uku, a rufe da tamfol, har ma a cusa igiyar jan mota da ledar tiyub a cikin raminta.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗora tayoyi biyu masu wili a sama. Motar da aka mayar gida ta riga ta yi tsayi, ga akwatuna a manne a bango, kuma idan ka sauka daga bakin kwalta don kauce wa tirela, ko ƙafa ɗaya ta nutse a baƙar laka da damina, nauyin saman ne ke kifar da ita. Sannan ka tuna ranar da za ka buƙace ta ba za ka kasance a gareji da yara huɗu masu taimako ba. Za ka kasance kai da maiɗakinka ne da tsakar rana, kuma tayar da aka jefo daga sama tana tsalle ta tafi inda ba a aike ta ba. Duk inda kuka yanke shawarar sakawa, ka sauke ta ka mayar da ita kai kaɗai a ƙofar gida kafin ka biya mai walda sauran kuɗinsa.

Mai Faci na Bakin Gada, Kusiri

Gaisuwa ga manya. Ni abin da zan ƙara ya shafi tayar ce kanta, domin sau da yawa ana kawo mini safaya mai zane sabo fil amma gefenta ya tsattsage saboda rana. Alhaji, ka duba gefen tayar, za ka ga lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Manyan kamfanonin taya suna cewa a riƙa binciken taya kowace shekara idan ta kai shekara 5, a kuma daina amfani da ita idan ta kai 10 ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, kuma a zafinmu ban ga dalilin jira har ƙarshen wa'adin ba. Ka ɗinka mata riga mai haske, ka juya bawul ɗinta waje yadda za ka auna iska ba sai ka kwance ta ba, ka kuma sa mata kwaɗo.

Abu na biyu, motocin Japan da yawa masu taya bibbiyu a baya suna da notin hagu a gefen hagu, wanda ake kwancewa ta inda ake ɗaure sauran. Ka duba kan kusar, idan ka ga harafin L, to ka sanar da duk wanda zai taɓa maka ita, don na ga an yi amfani da bututu har aka karya kusar, ana zaton noti ne ya cije. Ka riƙe faifan katako mai kauri da za ka ɗora jak a kai a cikin yashi, kuma bayan ka canja taya ka tsaya bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake ɗaure notin.

Matafiyin Binuwai, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi shawarar roba ba wili a sama. Malam Bakanike, tankin lita 150 yake ci, kuma a cike nake tashi da shi.

Bakaniken Domayo, Marwa

To Alhaji, ashe tankin ne ya kamata ya tashi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka kana da kilo 150 a bayan ƙafafun baya, ban da nauyin tankin kansa, kuma ko da tsakiyarsa mita 1 kawai yake bayansu, abin da suke ji ya kusa kilo 190. Idan ka ƙara safaya da hannun ƙarfe a bayan wannan, ka tara duk nauyinka a wuri mafi muni, kuma ruwan da ya ragu rabi yana kaɗawa hagu da dama a kowace kwana. Shawarata ita ce a mayar da tankin tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a gefen shasi ko a ƙarƙashin gado, a mayar da safayar gurbinta na asali, inda take a inuwa, a ƙasa, kuma a kan ƙarfen da aka ƙera don ita. Da wannan ba ka buƙatar hannun bayan ma sam.

Na san abin da Baba zai ce, cewa idan tayar baya ta sace ko mota ta kafe a laka, fito da safaya daga ƙasa wahala ce. Haka ne, amma motarka taya bibbiyu gare ta a baya, idan ɗaya ta sace ɗayar za ta riƙe ka a hankali har ka sami busasshen wuri. Abin da ake buƙata shi ne a wanke sarƙar a shafa mata giris bayan kowace damina, a kuma duba cewa salansa bai matso kusa da robar ba. Wajen rataye tankin kuma, ka ce wa mai waldarka kada ya yi walda a leɓen shasi na sama ko na ƙasa, domin nan ne ƙarfen ke ɗaukar lanƙwasa. Ya yi amfani da ramukan da ke jikin shasin ta gefe, da kusoshi masu ƙarfi da faifan ƙarfe ta ciki, kuma ya cire kan batir kafin ya kunna injin walda a jikin motar.