Zan je Gilasgo a watan Afrilu: in sayi kayan sanyi a Kano ko in bari sai na isa?

Maman Walid: Assalamu alaikum. Wurin aikinmu ne za su tura ni kwas na mako uku a Gilasgo, ƙasar Sikotlan, daga tsakiyar Afrilu. Akwati ɗaya aka ba ni mai kilo 23, sai jakar hannu kilo 7. Abaya da atamfa nake sawa da mayafi, ba na son in canja shiga. Sun ce akwai rana ɗaya da za a fita da mu bakin tafkin Lomond. Abin da ya ɗaure min kai: in shiga gwanjo a Ƙofar Wambai in haɗa komai, ko in riƙe kuɗin in saya a can? Kuɗin da na ware bai wuce fam 120 ba.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Hajiya ki nemi babbar jaket mai gashin tsuntsu a ciki, irin ta ƙanƙara, da safar hannu mai kauri biyu da but mai gashi. Sanyin Turai ba wasa ba ne.

Kawu Na Abadin: Malam, Afrilu ta ce, ba Janairun Kanada ba. Ƙanwata, a Afrilu ranar Gilasgo tana kaiwa kamar digiri 12, dare kuma ya sauka wajen 4. Wato tsakar ranarsu ita ce asubahin hunturunmu. Amma sanyin hunturu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe ne mai iska. Jaket mai gashin tsuntsu in ruwa ya ratsa ta sai gashin ya cure ya daina riƙe ɗumi, kuma sai ta kwana biyu ba ta bushe ba. Hawa uku ake yi. Ta ciki mai kama jiki, ta roba ko ta ulu, kada ta zama auduga, don auduga tana shan gumi ta riƙe shi ta sanyaya miki baya. Ta tsakiya suwaita mai zif wadda za ki iya cirewa, saboda ajin da za ki zauna da na'urar ɗumama ɗaki. Ta waje rigar ruwa mai hula. Gilasgo tana ɓangaren yamma ne, ta fi Edinbura, babban birnin ƙasar da ke gabas, ruwa nesa ba kusa ba, kuma yawanci ba irin na daminarmu ba ne da za a kwarara a ɗauke. Yayyafi ne, ya tsaya, ya dawo, rana ta leƙo, duk kafin la'asar.

Ɗan Fagge: Ƙofar Wambai kawai. Ki je ranar da ake fasa dila, da dubu 15 za ki ɗauki jaket da Bature ya sa sau biyu.

Bazazzagiya: Dubu 15 a wace shekara? Mai kyau kan dila yanzu sai dubu 35 zuwa 40, in ma an samu mai hana ruwa.

Ɗan Fagge: A Afrilu Kano tana digiri 40, wa ke sayen rigar sanyi? Neman kai suke da ita. Ke dai ba ki iya ciniki ba.

Tela Mai Almakashi: Farashi ba shi ne matsalar gwanjo ba. Suwaita, hular sanyi da gyalen wuya, saya a nan, babu asara. Rigar ruwa ce ake cuta. Juya cikinta ki duba ɗinki: ta gaskiya akwai siririn tef da aka manna a kan kowane layin ɗinki, musamman kafaɗa da hula. In tef ɗin ya fara ɗagowa, ko kika ga farin abu yana barbaɗowa daga shafin ciki kamar amosani, ta mutu, ko sunan wane kamfani ne a ƙirjinta. Ki tafi da ruwan leda ki zuba a kafaɗa. In ya dunƙule ya gangara, da sauran rai. In yadin ya yi duhu ya tsotse, ajiye musu. Sannan zancen abaya: ki kai biyu a rage musu tsawo su tsaya daidai idon sawu. Mai jan ƙasa tana shan ruwan titi ta haura da shi har ƙwauri. A ƙarƙashi ki sa dogon wando mai kama jiki. Rigar ruwan ki ɗauki wadda ta fi ki da lamba ɗaya kuma ta sauko cinya, don suwaita da abaya su shiga.

Kawu Na Abadin: In a can za ki saya, ki karanta takardar jikinta. Wadda aka rubuta water resistant yayyafin minti goma take ɗauka. Waterproof kike nema, wato mai hana ruwa, kuma sukan rubuta lambar ƙarfin hana ruwan, 5,000mm ta isa yawon gari, 10,000mm ta fi don ranar tafki. A shagunan kayan hawan dutse masu sauƙi irin Mountain Warehouse ko Decathlon ana samu fam 30 zuwa 45. Rigunan ciki kuma shagon Primark na titin Argyle, ba su kai fam 10 ba kowace.

Malamin Lissafi: Fam 30 leda ce mai zif. Ruwa ba zai shiga ba, gumi ma ba zai fita ba, ki jiƙe daga ciki. Mai numfashi daga fam 90 take farawa.

Kawu Na Abadin: Mako uku za ta yi, ba ƙaura ba. Ta ba da fam 90 a riga, ta taka me?

Uwar Biyu: Duk kuna ta farashi, ku bari in faɗa muku abin da ya sami ƙanwar maigidanmu, don har yau abin yana min ciwo. Ita ma Afrilu ta tafi, Edinbura. Ta yi duk abin da kuke faɗa, ta sayi komai tun a gida, ta jera a babban akwati. Da yake zafi ake, ta shiga jirgi da atamfa da silifas da ɗan mayafi shara-shara. Jirginsu na farko ya yi latti, a inda suka yada zango ta yi gudu ta samu na biyu, akwati bai samu ba. Ta sauka ƙarfe tara na dare ana ruwa da iska, jakar hannunta babu komai sai takardu da caja da turarukan mutane. Kwana huɗu akwatin bai zo ba. Ba ta san ana cike takardar ɓatan kaya a teburin kamfanin kafin a fita daga filin jirgi ba, ta yi tafiyarta, sai da ta koma washegari a kuɗin motarta. Ta sayi riga da takalmi da kuɗin abincinta, ta yar da rasit, kamfanin jirgin suka ce ba rasit ba biya. Mura ta kwantar da ita, satin farko na abin da ya kai ta ya tafi a gado. Da akwatin ya iso an buɗe shi, da takarda a ciki cewa an cire nama. Ashe ƙunshin da maƙwabciyarsu ta ba ta ta kai wa ɗanta, ta rantse yaji ne da kuka, rabinsa dambun nama ne. Kwalbar humrar wata kuma ta fashe a kan rigar sanyin. Da ta dawo, maƙwabciyar ba sannu ba, cewa ta yi ita ta cinye dambun. Shekara biyu ke nan ba sa gaisawa.

Bazazzagiya: Innalillahi. Wannan ai zalunci ne.

Ɗan Fagge: Anti, tsakani da Allah, an tabbatar ba ta ɗanɗana ba?

Uwar Biyu: Ɗan Fagge ka kiyaye ni.

Malamin Lissafi: Gyara kaɗan don mai tambaya. Takardar ɓatan kaya a cike ta kafin a bar wurin ɗaukar akwati, a riƙe ɗan tikitin da aka manna a bayan fas ɗin shiga jirgi, lambar akwatin tana jiki. Neman diyyar jinkiri a rubuce ake yi cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙo akwatin, in lalacewa ce kwana 7. Rigar ruwa da suwaita a hannu ake riƙe su, ba sa shiga awo. Takalmin mai nauyi a ƙafa. Cikin jakar hannu: rigar ciki ɗaya, wando ɗaya, safa biyu, magunguna, da fawa bank, wanda dama ba a yarda a sa shi a babban akwati ba.

Maman Walid: Na gode ƙwarai. To takalmin fa? Kuma laima ba za ta wadatar ba maimakon rigar ruwa?

Kawu Na Abadin: Laima iska ce ke juya ta ta karya ƙarafan, kwandunan shara cike suke da su ranar hadari. Mayafi ma haka, babban shara-shara tashi yake yi. Ki sa ƙaramin hijabi mai kama fuska ko mayafi mai ɗan nauyi da fil biyu, ki ja hular rigar a kai. Takalmi sau-ciki na fata ko mai hana ruwa, ƙasansa roba mai zane, don duwatsun daɓen titi suna santsi. Kambas na yadi minti biyar ya jiƙe. Ki gwada shi da safa mai kauri a ƙafa, ki kuma taka shi kwana uku a gida kafin tafiya. In ya jiƙe, cusa masa takardar jarida ya kwana, kada ki ɗora shi kan na'urar ɗumama ɗaki, gam ɗin yana saki fatar ta tsage. Safa ƙafa biyar, uku na ulu.

Bakatsine: Safar tana da amfani wajen alwala ma, sai ki yi shafa a kanta ba sai kin cire ba.

Tela Mai Almakashi: A'a Malam. A littattafan da muka karanta huffi na fata ake shafa a kai, ba safar ulu ba.

Bakatsine: Akwai malaman da suka halatta a kan safa mai kauri.

Tela Mai Almakashi: To ta tambayi malaminta, ba mu ba. Ni dai na san famfunansu akwai ruwan ɗumi, har a Babban Masallacin Gilasgo. Buta ce babu a banɗakin otal. Ki saka ƙaramar ta roba, ki cusa safa a cikinta don kada ta ci wuri.

Bazazzagiya: Wai shin cikin masu ba da shawarar nan wa ya taɓa zuwa Gilasgon? Kawu a Abadin (Aberdeen) yake, gabashin Sikotlan ke nan, shi da kansa ya ce ruwan ba ɗaya ba.

Kawu Na Abadin: Jirgin ƙasa ne tsakani, ƙasa da awa uku. Ke daga Zariya kike auna ruwan?

Ɗan Fagge: Ni daga Fagge nake aunawa, kuma nawa ya fi arha.

Malamin Lissafi: Tunda Ɗan Fagge ya yi magana, in za ki yi canji a Wapa ko ko'ina, kada ki karɓi fam 20 ko 50 ta takarda. An daina karɓarsu a shaguna tun 30 ga Satumba 2022, ta roba ake kashewa. In aka ba ki canji a can kika ga kuɗin ba irin na Ingila ba, kada ki tsorata, bankunan Sikotlan uku suna buga nasu. Sai dai ki kashe su kafin ki taho, 'yan canjin gida ba sa son su. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, cajarki za ta shiga, kada a sayar miki da adafta.

Uwar Biyu: Kuma kada ki kunna turaren wuta a ɗaki. Na'urar hayaƙi tana saman silin, za ta tashi ginin gaba ɗaya. Gawayin turare mai kama wuta da kansa ma ba a shiga jirgi da shi. Humra ki zuba a 'yar kwalbar da ba ta wuce mil 100 ba, ki naɗe bakin da salatif, ki sa a leda biyu. Man kaɗanya a babban akwati, za ki buƙace shi, ɗumin ɗaki yana busar da fata kamar hunturu.

Maman Walid: Wallahi tun da aka ji zan tafi mutum huɗu sun kira ni kan saƙo. Ɗaya yayar mahaifiyata ce, kilishi take son in kai wa jikanta a Landan.

Malamin Lissafi: Doka a fili take: daga Najeriya ba a shiga Birtaniya da nama ko abin da aka yi da shi, ba madara ko abin da aka yi da ita. Kilishi, dambu, man shanu, cuku, duk a ciki. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma kilo 2, dabino ma babu laifi. Ki ce wa Hajiya Babba doka ce ta hana, ba ke ba.

Bazazzagiya: Kuma Landan ina, Gilasgo ina? Awa huɗu da rabi a jirgin ƙasa. Mutanenmu gani suke duk Turai unguwa ɗaya ce. Za a ba ka kilo biyar, ba a tambayi nawa ne kuɗin ƙarin awo ba, ka isa kuma ka biya kuɗin aikawa daga aljihunka.

Ɗan Fagge: Sai wanda zai kawo nasa filin jirgi a naɗe da salatif kamar gawa, ya ce ɗan abu ne kaɗan.

Uwar Biyu: Wannan shi ne ba a karɓa ko na uban waye. Duk saƙon da ba a buɗe a gabanki ba, ki sake naɗe shi da hannunki, ki bar shi. A wurin awo za su tambaye ki ko ke kika haɗa kayanki.

Bakatsine: Amma fa zumunci ne. Mu ma an kai mana a baya. Mutum ya samu tafiya sai ya fara kawo doka?

Bazazzagiya: Zumuncin ne zai biya mata tara? Kilo 23 ne, takalmi da suwaita da abaya huɗu da atamfa uku sun cinye 12, ga takardun kwas, ga tsarabar da su ɗin dai za su jira ta da ita.

Bakatsine: Yayar uwa ba a ce mata a'a, Bazazzagiya. Sai dai a nemi dabara.

Tela Mai Almakashi: Dabarar ita ce a sauya kilishin da yajin ƙuli da zuma, ta aika ta gidan waya daga Gilasgo, jikan ya biya.

Uwar Biyu: Jikan ya biya? Lallai ba ka san jikokin Landan ba.

Maman Walid: To yanzu rigar ruwan, a nan ko a can? Kuma Hajiya Babba ta sake kira, wai kilishin ta riga ta sa an yi, na dubu 30.