Neman shawara: an hana ni kwantiragin waya a Jamus, in bari wani ya karɓa mini da sunansa?

Sabon Zuwa:
Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Wata ɗaya da rabi ke nan da zuwana Jamus karatu. Wayar da na zo da ita ta gaji, batirinta ba ya kai azahar, kuma har yanzu ba ni da layin nan, sai na sami intanet ɗin ɗaki ko na makaranta nake magana da mutane. Jiya na shiga shagon wani kamfanin waya na zaɓi waya haɗe da layi, ta biyan wata 24. Ma'aikacin ya karɓi fasfo da katin banki, ya yi ta danne-danne, can sai ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya nuna mini wani jan rubutu, wai ba a amince ba. Na tambayi dalili, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma abin da na'ura ta nuna masa ke nan.

Ni dai ban ci bashin kowa a ƙasar nan ba, yaushe ma na zo? Na yi Anmeldung, wato rajistar adireshi a ofishin gari, ina da asusun banki. Katin zama ne kawai bai fito ba, bizar da ke fasfona kuma saura wata huɗu.

Wani da muke gida ɗaya, ya shekara uku a nan, ya ce zai karɓa mini da sunansa, ni kuma in riƙa tura masa kuɗin duk wata. In yarda? Ko in gwada wani kamfanin? A taimaka mini da shawara don Allah.

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da zuwa. Da farko ka cire wa ranka cewa wulaƙanta ka aka yi. Abin da ka nema jiya, mu muna ce masa kwantiragin waya, amma a wurinsu bashi ne. Za su miƙa maka waya mai tsada yau, su jira ka biya a hankali har shekara biyu. To wa zai ba da bashin shekara biyu ga mutumin da takardarsa ta ce wata huɗu ya rage masa a ƙasa?

Kafin su amince, suna tambayar kamfanonin da ke ajiye tarihin biyan kuɗi na mutane. Babbansu shi ne SCHUFA, wanda ke Wiesbaden, ya kuwa daɗe, tun 1927 aka kafa shi. Kai da ka zo jiya-jiya, in sun leƙa ba za su ga laifi ba, amma ba za su ga komai ba ma. Ga na'ura kuwa, wanda ba a sani ba kusan ɗaya yake da wanda ba a yarda da shi ba. Ka haɗa wannan da gajeriyar biza, shi ne jan rubutun da ka gani.

Shawarata, ka raba abubuwa biyun nan da suka haɗa maka: waya daban, layi daban. Layi shi ne na gaggawa, ofishin baƙi da banki da mai gidan haya duk lambar nan za su nema. Ka sayi layin kati, wanda kake biya kafin ka yi amfani. Ba a binciken bashi a kansa. Cikin irin waɗannan layukan, Aldi Talk yana kan hanyar sadarwar O2, Lidl Connect yana kan ta Vodafone, congstar kuwa na Telekom ne. Ka tambayi maƙwabtanka wanne ne ke kamawa sosai a cikin ɗakinka, don wasu gine-ginen bangonsu ba ya barin sabis ya shiga. Waya kuwa ka nemi ta hannu mai kyau, ko ka canza wa taka batiri ka lallaɓa.

In daga baya ka koma kwantiragi, lambarka ba za ta ɓata ba. Ana ɗaukar ta daga wani kamfani zuwa wani, kuma tun Disambar 2021 kyauta ne.

Anti Mai Haƙuri:
Maganar a karɓa maka da sunan wani ce ta sa na tsaya rubutu. Ɗana, kar ka yi. Ba don kai nake tsoro ba ma, don shi yaron da ya yi maka tayin.

Ni na taɓa yi wa wata ƙanwar ƙawata. Wata bakwai tana turowa a kan lokaci. Sai aikinta ya tsaya, ta ji kunyar gaya mini, ni kuma na tafi hutu ban bar isasshen kuɗi a asusun ba. Suka zo cira babu, aka ɗora kuɗin tara. Na dawo na tarar da wasiƙu uku a akwati: biyu na tuni, ta ukun daga kamfanin karɓo bashi, waɗanda ake ce wa Inkasso. A tsaye na karanta su a bakin matattakala, jakata ma ban ajiye ba. Sunana ne a kai, ba nata ba. Na biya duka a ranar, Allah Ya rufa asiri bai shiga SCHUFA ba. Da ya shiga, ko bayan an biya yakan zauna har shekara uku, kuma a lokacin gidan haya nake nema, masu gida kuwa takardar SCHUFA suke fara tambaya.

Yarinyar ba macuciya ba ce. Har yau muna gaisawa, amma gaisuwar ba irin ta da ba ce.

Kai ma ka duba naka ɓangaren: lambar tasa ce a doka. Ran da kuka ɓata, ko ya bar ƙasar, lambar da ka ba banki da makaranta tana hannunsa.

Na Ingila:
Ni ina ganin ya nemi kwantiragin layi zalla, ba waya, na wata-wata. Mu nan haka muke fara gina suna. Kana biya a kan lokaci, Experian da Equifax da TransUnion, wato irin SCHUFA ta Ingila, suna rubutawa, bayan wani lokaci sai ka ga an ba ka abin da aka hana ka da. Layin kati ba ya ƙara maka komai a wurinsu.

Baban Yusra:
Malam, a Ingila maganarka daidai ce, amma kar mu ɗora masa tsarin can. A nan SCHUFA ta goge bayanan kwantiragin waya na masu biya lafiya a ƙarshen 2023, bayan taƙaddama kan cewa ana tura su ba da yardar masu layin ba. Wato in kana biya ba a yaba maka, in ka kasa biya ne ake rubutawa. Abin da ke taimakonsa shi ne asusun banki da ke tafiya lafiya, da lokaci. Amma layi zalla na wata-wata ba laifi, ya fi sauƙin samu a kan wanda ke haɗe da waya, kuma fita daga cikinsa ba wuya.

Na Ingila:
To ka ga ban san da wannan ba. Na janye ta gina suna, na bar ta wata-wata.

Ɗalibi Tsoho:
Bari in faɗi ƙananan abubuwan da ba a gaya wa mutum sai ya yi tuntuɓe da su.

Layin kati ma ba a kunna shi sai an tantance ka, doka ce tun Yulin 2017. Ko dai ta bidiyo, ka ɗaga fasfo gaban kyamara kana juya shi yadda haske zai bugi tambarin, ko ka je gidan waya da fasfon, abin da suke kira PostIdent. Ni bidiyon sau biyu yana ƙin fasfona, wai na'urarsu ba ta san irinsa ba. Na je gidan waya, minti biyar aka gama. In ka ga sun fara ce maka matso da shi, karkata shi, koma kusa da taga, kar ka ɓata yininka.

Sai akwatin wasiƙa. A nan da suna ake raba wasiƙa, ba da lambar ɗaki ba. In sunanka ba ya jikin akwatin, sim ɗin da aka aiko maka komawa zai yi. Ka rubuta sunan mahaifin da ke fasfonka a 'yar takarda ka manna yau ɗin nan.

Kuma tunda ɗalibi ne kai, na san kuɗinka daga Sperrkonto, asusun nan da ake kulle kuɗin ɗalibi don biza, yake fitowa wata-wata. Duk ran da za ka yi kwantiragi, ka dubi ranar da kuɗin ke shigowa asusunka da ranar da kamfani ke cira. In tasu ta riga taka da kwana ɗaya, kai da wasiƙar tuni kun ƙulla zumunci.

Maman Walid:
Kuma kar kalmar Allnet Flat, wato tsarin kira ba iyaka, ta ruɗe ka ka ɗauka ko'ina za ka kira. Lambobin Jamus take nufi. Maigidana ya taɓa kiran gida kai tsaye yana ta hira da mahaifiyarsa, ƙarshen wata muka ga takarda, sai da ya zauna. Kiran gida a bar wa WhatsApp. Yawo a ƙasashen Tarayyar Turai dai ba matsala, tun 15 ga Yunin 2017 layinka yana aiki a Faransa ko Italiya kamar kana nan. Suwizalan ce ba ta cikin tarayyar, ka duba sharaɗin layinka kafin jirgin ƙasa ya tsallaka da kai.

Sabon Zuwa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti, maganarku ta shige ni, na fasa. Tambaya ɗaya, Yaya Baban Yusra: in katin zamana ya fito na yi kwantiragin wata 24, sai karatun bai yiwu ba na koma gida, ya zan yi da shi?

Baban Yusra:
Akwai mafita, amma ba ta shafe komai. Dokar sadarwa, sashe na 60, ta ce in ka ƙaura zuwa inda kamfanin ba ya ba da wannan hidimar, kana iya soke kwantiragin da sanarwar wata ɗaya. Za su nemi shaida, yawanci takardar Abmeldung da kake karɓa lokacin da ka cire sunanka daga rajistar gari. Wannan na layi ne. Wayar da ke aljihunka kuwa ba kyauta za su bar maka ba, abin da ya rage na kuɗinta yana nan a wuyanka. Wanda ya rufe asusun banki ya hau jirgi shiru, bashin yana jiransa ran da ya sake neman zama ko haya a nan.

Tunda ka tambaya, bari in ƙara. Wata 24 shi ne iyakar abin da doka ta yarda a ɗaure ka, kuma dole kamfani ya kasance yana da na wata 12, sai dai ba shi suke kafawa a bakin shago ba, sai ka tambaya. In wa'adin ya cika ba ka soke ba, yanzu ba sa iya sake ɗaure ka shekara guda kamar da, kana fita da sanarwar wata ɗaya. Abin da ya fi kama mutane shi ne wannan: in ta intanet ko ta waya ka ƙulla, kana da kwana 14 na janyewa ba tare da ka ba da dalili ba. In a cikin shago ka sa hannu, wannan damar babu ita. Shi ya sa nake ce wa duk wanda Jamusancinsa bai nuna ba, kar ya sa hannu a tsaye ana yi masa murmushi. Ka karɓi takardar taƙaitaccen bayanin kwantiragin, ka tafi da ita ɗaki, ka karanta da ƙamus. In wani abu ya ɗaure maka kai, akwai ofishin kare masu saye, Verbraucherzentrale, a kowace jiha.

Kuma kana da haƙƙin neman kwafin abin da SCHUFA ta rubuta a kanka kyauta, sunansa Datenkopie. Akwai na kuɗi a shafinsu, shi ne ya fi fitowa fili, ka nemi na kyautan. Wani lokaci sunayenmu na rikita su, a juya na farko da na ƙarshe, gara ka gani da idonka.

Ɗalibi Tsoho:
Wace irin waya ce ma taka? In batiri ne kawai matsalar, turo mini sunanta ta akwatin sirri, akwai yadda za a yi.

Sabon Zuwa:
Na turo, Yaya. Yanzu na sauko daga manna sunana a akwati, ashe na tsohon mai ɗakin ne a jiki duk wannan lokacin. Ina zargin wasiƙar lambar harajina ma can ta koma. Gobe in Allah Ya kai mu zan je gidan waya da fasfo.