Yadda za a haɗa kan 'yan ajinmu na kwaleji

Ɗan Kabi: Salamu alaikum. Mun gama Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, Argungu, kowa ya watse. Ta yaya za mu riƙa sanin aikin juna, aure da haihuwa?

Malama Gusau: Wa'alaikumus salam. Ku buɗe zauren WhatsApp, yana ɗaukar mutum 1,024. Amma ku yi biyu: na sanarwa, inda shugabanni kaɗai ke rubutu, da na hira. In aka haɗa, katin ɗaurin aure sai ya nutse cikin gardamar siyasa. Kowa ya turo sunan da aka san shi da shi a aji, garin da yake, da aikinsa.

Baban Yara: Malama ta yi gaskiya, sai dai kuɗi ke kashe zumunci. Ku yanke gudummawa, misali ₦1,000 duk wata, ku rubuta abin da ake ba ango, mai jego da wanda aka yi wa rasuwa. Kada kuɗin su zauna a asusun mutum ɗaya, a sa mutum biyu masu sa hannu. Haihuwa kuma a sanar ranar da aka haihu, tunda kwana bakwai ne suna.

Na Yauri: Taro kuwa, kwana uku bayan Sallah, lokacin kowa na gida.